Maharbi, San Halin Bindigarka

Kaka ta yi. An yanke gero, an kai dawa rumbu, gonaki sun buɗe. Zabin daji sun yi ƙiba da kalar hatsi, fakara tana kuka da asuba, zomo ya rasa maɓuya. Yanzu ne maharba ke sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina. A azuzuwanmu na arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Bici da Dambatta, da wuya a sami aji wanda babu maharbi ko ɗan maharbi a cikinsa. Kukansu kuwa kusan iri ɗaya ne. Kowa ya ce ya auna daidai, amma harbin ya kauce.

Akwai wani dattijo a wani aji da mu ke zagayawa, ya fi shekara talatin yana harbi. Ran nan da aka tashi daga karatu sai ya tsaya, ya ce, "Malam, an ɗaure mini bakin bindiga. Sau uku ke nan ina samun zabo a tsaye, taki talatin tsakaninmu, in harba, ya tashi ko gashi bai zubar ba." Har ya sa an yi masa laya ya ɗaura a gindinta. Ba mu yi masa gardama ba. Muka ce, "Baba, gobe da hantsi a zo da ita bakin kududdufin nan da ya ƙafe, mu tambaye ta da kanta."

Da gari ya waye muka sami babban kwali, muka jingina shi da gaɓar kududdufin, muka ɗiga baƙi da gawayi a tsakiyarsa. Aka mai da yara can baya. Baba ya auna ɗigon, ya harba. Muka sake kwali, ya sake ɗuri, ya sake harbi, har sau uku. Duk sau ukun nan ƙwayoyin harsashi wuri guda suka taru, hagu da ɗigon, wajen kamu ɗaya. Da muka miƙa zare bisa bayan bindigar daga gindi zuwa baka, sai ga ƙarfen ya ɗan karkace, abin da ido ba ya gani. Sa'an nan Baba ya tuna, ai ta faɗo masa daga keke a ƙarshen rani, gab da zai rataye ta. Ashe bindigar ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Inda ta ke duba nan ta ke kai harbi, Baba ne ya ke duban wani wuri dabam.

Sanin hali ya fi sanin kama. To, kowace bindiga da halinta. Wanda ya ke so harbinsa ya riƙa zuwa daidai, ba ƙarin albarushi zai nema ba. Abin da zai nema shi ne ya san halin bindigarsa, sa'an nan ya riƙa yi mata abu iri ɗaya kullum, don ita ma ta riƙa yi masa abu iri ɗaya.

Ƙasarmu ba daji ba ce

Wani zai ce, in maharbi ya kuskure zabo ai asararsa ce shi kaɗai, albarushi ya ƙone a banza, miya ta kwana ba nama. Da a ƙungurmin daji mu ke, da sai mu yarda. Amma ku dubi inda mu ke zaune. Tun a 1965 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa suka buga littafi a kan ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Suka nuna yadda jama'a suka cika ƙasar, har kusan kowane fili gona ne, ana kuwa noma shi kowace shekara ba hutu. Tun daga lokacin nan mutane ƙaruwa suka yi, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba.

Ku tsaya a tsakiyar gonarku ku juya gabas da yamma, kudu da arewa. Ina za ku duba ba ku hangi rufin gida ba, ko rumbu, ko hanya, ko rijiya? Bayan shingen can akwai yarinya tana tsinkar zoɓo. A kan gawon can akwai makiyayi yana saro wa shanu ganye. Bayan tarin karan nan akwai yaro da awakinsa. Harbin da ya kuskure zabo bai tsaya ba. Yana nan yana tafiya, sai ya sami abin da zai tsai da shi.

Tafiyar kuwa ba kaɗan ba ce. Ƙananan ƙwayoyi irin na harbin tsuntsu su kan kai yadi 200, har su wuce. Manya, masu girman ƙwayar wake, su kan wuce yadi 600. Bindigar Turawa mai harsashi ɗaya, wadda a ke kira raifil, ko ƙaramarta ce harsashinta ya kan wuce mil ɗaya. Ƙwayar da ta rasa ƙarfin kashe zomo tana da sauran ƙarfin tsiyaye idon yaro. In kuwa rai ya salwanta, cewa kuskure ne ba ta wanke mutum. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, hukuma kuma tana da nata hukunci a kan sakaci. Bayan wannan ga zama gari ɗaya da iyayen mamacin har ƙarshen rai.

Yadda harsashi ke tafiya

Yawancin bindigogin da ke hannun maharbanmu adaka ne, watau wadda a ke ɗura wa albarushi da harsashi ta baka, a daka da sanda. Waɗansu su ce bindigar toka, waɗansu su ce baushe, masu ba'a kuma su ce harba-ka-ruga. Tsohuwa ce a ƙasar nan. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe. Babba Zaki kuwa, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Har yanzu 'yan bindigan Sarki suna ɗura irinta ran hawan Salla, amma su ƙara da hayaƙi su ke nema, ba samun wani abu ba.

Cikin adaka sumul ya ke. Harsashi yana fitowa yana karo da gefe da gefe, inda karon ƙarshe ya tura shi nan ya ke bi. Raifil kuwa an yi wa cikinta zane a murɗe, kamar murɗin igiya, zanen nan shi ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Ku dubi mazari a hannun mai kaɗi. Muddin yana juyi yana nan tsaye kyam, da ya daina sai ya kwanta. Haka harsashi mai juyi ya ke riƙe hanyarsa har nesa. Saboda haka kada mai adaka ya nemi ta yi masa aikin raifil. Ita abin kusa ce. Shi ya sa a ke zuba mata ƙwayoyi da yawa su bazu, don in wannan ta kuskure waccan ta samu.

Bazuwar nan masu ƙera bindiga a Turai sun auna ta. Su kan zana da'ira mai faɗin inci 30, su ja da baya yadi 40, su harba. Bindiga mai baki a sake, kamar na adaka, cikin ƙwaya 100 wajen 40 ne ke faɗawa cikin da'irar. Wadda aka tsuke wa baki a kamfani ta kan sa wajen 70. Kun ji fa. Ko an auna daidai, ko bindigar kamfani ce mai lafiya, a wannan nisa ƙwaya 60 cikin 100 suna iya wucewa su tafi neman wani abu.

Abu na biyu, harsashi yana fita daga baka ya ke fara faɗuwa, kamar tsakuwar da aka saki a rijiya. Cikin rubu'in sakan ya sauka ƙafa ɗaya, cikin rabin sakan ƙafa 4, cikin sakan ɗaya ƙafa 16. A kusa ba a kula da wannan, gama a taki talatin saukar ba ta fi faɗin yatsa uku ba. Amma in nisa ya ninka biyu, saukar ninkawa huɗu ta ke yi, har fiye, don harsashi yana tafe yana rage gudu.

Ga kuma wani ɗan lissafi, kowa ya yi shi a allonsa. A ce daga idon maharbi zuwa bakin bindiga yadi ɗaya ne. In bakin ya goce kaurin tsinken ashana ɗaya tak, a yadi 40 harbin ya goce kaurin tsinke 40. Ku jera tsinke 40 gefe da gefe ku gani, ya kai faɗin tafin hannu. In gocewar ta kai kaurin yatsa, yatsa 40 ke nan, zabo ya tsira. Abin da ya sami Baba ke nan.

Zanzaro da tsatsa

Zanzaro ba ya tambayar mai gida kafin ya yi gini. Rami mai duhu ya ke nema, bakin bindigar da ke rataye tun damina kuwa ya yi masa daidai. Sai ya cika shi da laka, lakar ta bushe kamar tubali. Wanda ya rataye bindiga a ɗure, ya sauko da ita ya harba bai duba ba, harsashi ya rasa hanyar fita, sai ƙarfen ya fashe a hannunsa. Haka in an dogara bakinta a ƙasa wajen tsallake kunya ko rafi, ƙasa ta shiga. Don haka ba a ajiye bindiga a ɗure. In za a rataye ta, a ɗaure bakin da ƙyalle daga waje, a kuwa rataye ta inda hannun yaro ba ya kai.

Albarushi in ya ƙone ya kan bar baƙar dauɗa a ciki. Dauɗar nan tana jan laima, laima ta kawo tsatsa, tsatsa ta ci ƙarfe ta yi masa ramuka. Bindiga mai ramuka ba ta kai harbi wuri ɗaya sau biyu, ƙarfenta kuma kullum raguwa ya ke. Maganin abin ba tsada. Ranar da aka yi harbi, ranar a ke wankewa. A naɗa tsumma a sandar ɗuri, a wanke ciki da ruwan zafi har ruwan ya fito fari, a tsane, a bar ƙarfen ya bushe sarai, sa'an nan a shafa man keke kaɗan. Man gyaɗa ya kan yi danƙo, a bar wa miya. Kafin a yi ɗuri kuma a goge man, gama mai yana kashe albarushi. A tsokace 'yar kafar da wuta ke bi. A kama ƙarfen a girgiza, in yana motsi a jikin itacensa, to, wannan ma ya isa ya watsa harbi.

Ɗuri

Nan ne yawancin ɓarna ta ke. Mun sha ganin maharbi ya zuba albarushi a tafin hannu, ya duba da ido, ya ce ya isa. Yau tafi ya cika, gobe bai cika ba. Yaya bindiga za ta yi abu ɗaya, ana ba ta abu biyu? Mai sayar da hatsi ba ya awo da ido, mudu ya ke sawa. Maharbi ma ya sami ɗan ma'auninsa guda, gwargwadon abin da maƙerin bindigar ya ce ta iya ɗauka, ya tsaya a kansa. Ƙwayoyi ma a auna su. Tsumman da a ke tushewa da shi ya zama iri ɗaya, girma ɗaya, dakan ma ya zama ɗaya.

Akwai masu cewa in an ƙara albarushi harbi ya fi nisa, ya fi zuwa daidai. Wannan magana ta cinye yatsun mutane da yawa. Ƙarin albarushi watsa ƙwayoyi ya ke yi, ya bar fili a tsakiya, inda zabon ya ke. Ya sa bindiga ta yi shuri mai tsanani, mai ita ya fara jin tsoronta, ya riƙa runtse ido tun bai harba ba. Daga nan sai fashewa. A birnin Birmingham na Ingila, inda aka ƙera bindigogi masu yawa da aka kawo Afirka, tun 1813 aka kafa gida musamman na gwada ƙarfen bindiga. A kan yi mata ɗurin da ya wuce kima a cikin ɗaki mai kauri, ba kowa a kusa, in ta jure a buga mata hatimi kafin a sayar. Adakar ƙauye ba ta bi ta wannan gida ba. Hannun mai ita ne wurin gwajinta. Wadda aka yi da bututun famfo kuwa ba abin riƙewa ba ce ko kaɗan, gama don ruwa aka yi shi, yana da ɗinki a jikinsa, ta nan ya ke tsagewa. Kada kuma a kuskura a fasa harsashin kamfani a juye garinsa a adaka, ko a sa kan ashana a madadin albarushi. Ƙarfinsu dabam ne, adaka ba ta iya ɗauka.

Waɗansu su kan ɗura guntayen ƙusa, ko tsakuwa, ko ƙwayoyin boris na keke. Abin da ba shi da siffa ɗaya ba ya tafiya hanya ɗaya, wannan ya yi sama, wancan ya yi gefe. Baƙin ƙarfe kuma yana kartar cikin bindiga, in ya bugi dutse ko busasshen itace ya kan yi tsalle ya dawo. Ƙwayoyin darma masu kewaye, girma ɗaya, su ne ke tafiya tare.

Ga wata dabara mai sauƙi da ta ceci mutane. Sa'ad da bindiga ta ke wofi, a zura sandar ɗuri har ƙasa, a yi mata shaida daidai baka. In an yi ɗuri yadda ya kamata, a sake zurawa, a yi shaida ta biyu. Daga ran nan sanda za ta riƙa gaya maka gaskiya. In ta tsaya a shaidar farko, ba kome a ciki. In ta tsaya a ta biyu, ɗuri ɗaya ne, ya kuwa zauna. In ta tsaya sama da haka, ko an yi ɗuri biyu da mantuwa, ko harsashi bai sauka kan albarushi ba ya bar fili. Duka biyun suna fasa bindiga. Kada a harba.

Wajen ɗuri a kawar da fuska daga baka. Kada a tsiyaya albarushi kai tsaye daga gora, don ko da sauran garwashi a ciki. Ba a ɗuri da taba a baki. In kuwa ka ja kunama wuta ba ta tashi ba, kada ka juyo da bakinta ka leƙa. Albarushin da ya sha laima ya kan yi nawa. Riƙe ta tana duban inda ka auna, ka ƙirga har sittin a hankali tukuna.

Gwaji da kwali

Gani ya kori ji. Abin da muka yi da Baba kowa yana iya yi. A nemi gaɓar kududdufi busasshe, ko babban suri, inda ƙasa mai laushi za ta haɗiye harsashi, ba gida ba hanya a bayansa. A fara gaya wa mai unguwa, gama a zamanin nan ƙarar bindiga ta kan ta da hankalin gari. A sami kwali mai faɗi, a kwantar da ƙafar keke a kansa a zana kewayenta da gawayi, don faɗinta ya yi kusa da inci talatin ɗin nan. A tsakiya a zana zabo daidai girmansa.

A fara daga taki 15. A zauna, a ɗora bindiga bisa buhun yashi, don rawar hannu ta fita daga cikin lissafi. Harbi ɗaya ba ya nuna hali, sai uku, kowane da sabon kwali. A duba inda ramukan suka fi taruwa, sama ne ko ƙasa, dama ne ko hagu. A ƙirga waɗanda suka shiga da'ira, a ƙirga waɗanda suka sami zabon, a rubuta. Sa'an nan a koma taki 20, da 25, da 30, da 40. Za ku ga ramukan jikin zabo suna raguwa. Inda suka kasa huɗu ko biyar, nan ne iyakar bindigarka. Bayan wannan ba kisa ka ke ba, rauni ka ke yi, tsuntsu ya tafi ya mutu a cikin ƙaya, kai ba ka ci ba, shi bai rayu ba.

In harbi yana zuwa gefe ɗaya kullum kaɗan, an san halinta ke nan, sai a riƙa ba ta haƙƙinta wajen awo. Bindigar da ke da abin saiti gaba da baya ana iya gyara ta: na baya a kan matsar da shi wajen da a ke so harbi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. Amma in ƙarfe ne ya karkace, ko ya tsage, ko tsatsa ta ci shi, wannan ba aikin gida ba ne. In ko yau harbi ya yi gabas gobe ya yi yamma, a koma a binciki ɗuri, ko mai riƙe da ita.

Mai riƙe da ita

Kusan kowane mutum yana da ido ɗaya da ke shugabancin ɗayan, kamar yadda hannun dama ya fi na hagu ga yawancin mutane. Ku gwada yanzu a cikin aji. Ku buɗe ido biyu, ku nuna wani abu mai nisa da yatsa. Ku rufe na hagu, ku buɗe, ku rufe na dama. Idon da in shi kaɗai ke buɗe yatsa ya zauna a kan abin, shi ne shugaba. Wanda ya ke kafa bindiga a kafaɗar dama alhali idonsa na hagu ne shugaba, harbinsa zai riƙa gocewa bai san dalili ba. Sai ya riƙa rufe na hagun, ko ya koyi harbi ta ɗaya kafaɗar. Dattijon da ya fara ganin hazo a rana tsaka kuma, kada ya ɗora wa bindiga laifi. Yanar ido ana cire ta. Akwai asibitocin ido a Kano, kamar na ECWA da ke Sabon Gari.

A kafa gindin bindiga sosai a kafaɗa, kumatu ya kwanta wuri ɗaya kullum. In da itace ko gwafa kusa, a dogara. Wanda ya sha gudu ya tsaya numfashi ya kwanta. A ja numfashi, a saki rabi, a riƙe, sa'an nan a matsa kunama sannu kamar mai tatsar akuya, ba fizga ba. Bayan ƙara ta tashi kada a yi saurin ɗaga kai. Adaka tana da ɗan jinkiri tsakanin saran kunama da fitar harsashi, mai gaggawar ganin abin da ya faɗi ya kan janye bakin tun harsashi bai fita ba.

Kafin yatsa ya taɓa kunama, tambaya biyu ce. Mene ne wancan? Mene ne a bayansa? Motsin ciyawa ba nama ba ne sai ka ga kai da jiki. Da hunturu hazo yana ɓoye mutum a nisan da harsashi ke kaiwa. Masu farautar dare da fitila a goshi kuwa, mu dai ba mu ga wurinsu a ƙasa irin tamu ba. Ido biyu ne ke ƙyalli a duhu, na zomo ne, ko na akuyar maƙwabci, ko na kare da yaro a bayansa, fitila ba ta faɗa. Masu zuwa harbin agwagin ruwa a madatsun Tomas da Watari da Wasai su sani harsashi ya kan yi tsalle bisa ruwa kamar yadda yara ke wasa da tsakuwa, a ƙetare kuwa akwai masunta da masu lambu. In ba ka tabbata ba, sauke bindiga. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Doka da darma

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta raba su kashi uku. Na yaƙi ba na talaka ba ne. Bindigar farauta mai harsashin kamfani, lasin ɗinta daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya ke fitowa. Al'amarin adaka kuwa yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, sai a tambaya a ofishinsu mafi kusa. Dokar ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda ganinsa ya raunana. Ta ce ƙira da gyaran bindiga sai mai izini. Ta kuma hana a datse bindiga mai sumul ɗin ciki ta kasa inci 20. Masu datsewa don ta ɓuya cikin riga sun karya doka, sun kuma ɓata saiti, gama guntuwar bindiga ta fi wuyar aunawa.

Darmar da muka yaba ɗazu guba ce, sai an yi hankali da ita. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, don ƙurar darma da ta fito daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. Ba harsashi ya jawo wancan ba, amma darmar ɗaya ce, yara ƙanana kuwa ta fi kamawa. Kada a narka ta a tsakar gida ko a tukunyar abinci, kada a guntsi ƙwayoyinta a baki wajen ɗuri, a wanke hannu kafin a ci tuwo. In an feɗe nama a tsince ƙwayoyin, a yanke wurin da suka bi a yar, tun ba in mai ciki ko yaro zai ci ba.

Baba ya kai bindigarsa wurin mai gyara, aka daidaita ta. Muka koma bakin kududdufi da sababbin kwalaye. A taki 25 zabon gawayi ya sha ramuka, a taki 30 sai biyu. Layarsa tana nan ɗaure a gindin bindigar, ba mu ce ya kwance ba. Amma kusa da ita ya ɗauki wuƙa ya zana 25 da hannunsa.